Malam Bawa, wanda ya bar wa shanu hanya

Da safen nan labarin ya same ni. Malam Bawa ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yarsa Hajara ce ta kira ni, ina riƙe da kofin shayi. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika bayan asuba." Na ce to. Wallahi iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Na ajiye waya, na shanye shayina, na wanke kofin.

Har yanzu ko ɗigon hawaye bai zo mini ba. Ji nake kamar an yi mini allurar cire haƙori, ka taɓa wurin ka san naka ne, amma ba ka jin komai.

Ina Birnin Kebbi, shi yana Yelwa. Kafin in sami mota an riga an kai shi, ban sami jana'iza ba. Shi ya sa na zauna ina wannan rubutu, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Da yawa cikinku ba ku san shi ba, alhali kuna tafiya a kan layukan da ya ja. Shi ne shugabanmu a ofishin tsara gari na Yelwa, lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanko Kebbi ba. Ni kuwa na fito daga Wara da 'yar takardar sakandare, aka ɗauke ni aikin zane. Aikina bai wuce in bi layin da aka ja da fensir in sa masa tawada ba.

Ranar da na kama aiki, da aka tashi ya gan ni ina ta kame-kame da akwatina a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ɗan Wara, ina za ka kwana?"

Na ce, "A tasha, ranka ya daɗe, kafin in sami ɗaki."

Ya ce, "Tasha ta mota ta, kai mutum na. Ɗauko akwatinka mu tahi."

A zaurensa na zauna har damina ta wuce. Matarsa, Allah ya jiƙanta ita ma, ba ta taɓa raba kwanona da na 'ya'yanta ba, tuwon shinkafa da miyar kifi har na fara yin kumatu. Da Innata ta kwanta rashin lafiya a Wara, shi ya sa ni a bayan babur ɗinsa ya kai ni, ya zauna a ƙofar gida yana jira, ko ruwa bai yarda an wahala an kawo masa ba.

Bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Har na yi furfura ni Ɗan Wara ne.

Babban aikin da muka yi tare shi ne sabunta taswirar gari. Wadda muka tarar ta tsufa, tun lokacin da ruwan madatsa ya tashi mutane daga gungu, wato tsibirai, da bakin gulbi aka zana ta, kuma garin ya cika ya tumbatsa ya bar ta a baya. Aka ce a sake dubawa: ina za a yanka sababbin filotai, ina kasuwa za ta faɗaɗa, ina makaranta, ina ruwan sama zai bi ya fita.

Malam ba ya jan layi sai ya taka wurin da ƙafarsa. Ni da na ɗauka aikin ofis inuwa ce da fanka, na ga ta kaina. Takalmina na farko a wannan yawon ya mutu.

In an yi la'asar sai ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma a ƙofar masallacin unguwa, ya danne gefunanta da takalma, ya ce kowa ya zo ya nuna gidansa. Masu kifi su dangwala mata yatsa da mai, tsofaffi su riƙe ta a juye suna gardama. Ni da na sha wahalar zana ta raina ya yi ta ɓaci, shi kuwa ko a jikinsa.

A cikin wannan taswirar akwai wani zirin fili da ya bari fari, daga tudu ya bi ta gefen gari ya gangara har bakin ruwa. Burtali ne, nan shanun makiyaya ke bi su sha ruwa su koma. A tsohuwar taswira ba a ma sa shi ba, don lokacin daji ne, ba wanda ya damu. Yanzu gari ya matso, ga shi kusa da inda jirage ke sauke kifi, kowa ya sa masa ido.

Na tambaye shi me ya sa za mu bar wannan uban fili ga dabbobi.

Ya ce, "In ka toshe ma saniya hanya, gonar wani za ta bi. Daga nan sai sanda, daga sanda sai gawa. Na gani da idona ina yaro, ba ni son in sake gani."



Wani attajiri ya taɓa zuwa ofis da giwan ruwa, sai da mutum biyu suka kama masa. Shaguna yake son ya jera a bakin burtalin. Malam ya zagaya kifin, ya yaba shi ƙwarai, sannan ya ce, "Alhaji, kihi ya yi kyau. Sai dai wurin ga na shanu na, su kuwa ba su cin kihi." Ya sa aka mayar masa da abinsa cikin mota. Na daɗe ina jin haushin wannan kifin.

Sai maganar shaida. Layi a takarda ba ya hana kowa gini, dole a kafa alama a ƙasa. Muka zuba duwatsun siminti irin na safiyo, Malam ya ce a lanƙwasa ƙarfe a kan kowanne kamar zobe, don leburori su ji daɗin ɗauka. Muka kakkafa su gefe da gefe har bakin ruwa, muka koma ofis muna jin mun gama.

Da muka dawo dubawa, babu ko ɗaya. Ramuka kawai.

Na ce attajirin nan ne, a kira 'yan sanda. Malam ya ce mu fara gangarawa bakin ruwa mu sha iska.

Ga duwatsunmu nan. Kowane jirgi da nasa, an zura igiya a zoben an ɗaure, an sami abin tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa. Wata mai bandar kifi ta haɗa uku ta ɗora tukunya. Wani dattijon masunci ya taso da fara'arsa ya kama hannun Malam ya ce, "Allah shi saka ma gwamnati da alheri. Dutsen ga ya hi wanda muka amfani da shi, ga wurin ɗaure igiya an yi muna."

Har ga Allah sun ɗauka rabo aka kawo musu.

Malam ya yi dariya har ya zauna a kan rairayi. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar ba, kafin nan ko bayan nan. Da ya sarara ya ce, "Laihina na. Wa ka kawo dutse mai zobe garin masunta?" Bai karɓi ko ɗaya ba.

Kwana kaɗan bayan nan ya ce in sa tsofaffin kaya, za mu wajen Shanga. Aguwa muka je sara. Ya ce da ita Innarsa ke shinge gona, ka datse reshe ka soka a ƙasa ya kama. Saniya ba ta cinta, ba ta yin itacen girki, in ka jefa ta ruwa ba ta tsayar da jirgin kowa.

Muka cika motar ofis. Farin ruwanta ya manne mana a hannu, na kuskura na sosa ido, na yini ina kuka ba mutuwa aka yi ba. Arɗon makiyayan wajen ya turo mutanensa, manoman da ke maƙwabtaka da burtalin su ma suka fito, don sun fi kowa sanin gonar wa shanu za su faɗa. Muka soke ta layi biyu. Da ruwa ya sauka ta yi kore.

Fayil ya tafi Sakkwato don a sa hannu. Lokacin kuwa Sakkwato tafiya ce, sai ka yi sallama da iyali. Da ya dawo, wani hannu ya bi farin filin nan da fensir ya yayyanka shi filotai. Ba a rubuta suna ba, ba mu kuma tambaya ba.

Malam ya naɗe taswirar ya shiga motar Sakkwato da kansa. Abin da ya faɗa a can ban sani ba, bai taɓa ba ni labari ba. Na dai san ya dawo da sa hannu, burtali yana nan fari. Ba a jima ba takardar canjin wurin aiki ta biyo shi, zuwa wani ofis da ko teburin zane babu.

Ranar da zai tafi ya ba ni akwatin alƙalumansa na zane. Ya ce, "Ɗan Wara, inda na bari hwari kak ka sa mai tawada." Ya hau babur ɗinsa, bai waiwayo ba.

Sai bayan ya yi ritaya ya dawo Yelwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne. Yanzu ana sake sabunta taswirar garin, matasa ne ke yi, da kwamfuta da hotunan sama, kuma yara ne masu ladabi. Sun ga zirin nan a tsohon zane suka rasa dalilinsa, sai wani ya ce musu ai wanda ya ja shi yana raye. Suka gayyace shi zaman kwamiti ya yi bayani, don akwai masu cewa a rufe abin da ya rage a yi tashar mota da shaguna, su kuma ba su da hujjar da za su kare shi da ita.

Da na je gidansa na tarar da shi ya rame, idonsa ya yi yana, da murya ya gane ni. Ya ce ba zai je gaban mutane ya yi magana a kan wurin da bai taka ba. In kai shi.

Muka hau keke mai ƙafa uku. Da muka isa ya dafa kafaɗata, ya lalubi aguwar gefe ɗaya, tana nan, ta yi kauri ta wuce tsayin mutum. Ya karya tsinin reshe ya murza ruwanta a yatsa. Sai ya ce mu tsallaka zuwa ɗaya gefen.

Muka fara tafiya. Shi a ransa da sauran nisa, yana takawa da ƙarfinsa, sai na riƙe shi don kar ya yi karo.

Ya ce, "Har mun iso?"

Na ce, "Mun iso, Malam."

Ya miƙa hannu yana neman ganye, ya taɓa bulo. Bayan shaguna ne, an cinye wajen rabin filin, aguwar wannan gefen ko kututturenta babu. Ya daɗe yana shafa bangon. 

Muna nan tsaye sai ga garke ya gangaro. Muka lafe a jikin bango, shanun suna gogar juna, ƙaho na bugun ƙaho. Ya karkata kai yana saurare har suka ƙare.

Ya ce, "Sun wuce?"

Na ce, "Sun wuce, amma a matse."

Ya ce, "To. Tunda suna wucewa, da sauran magana. Ranar zaman ga ka zo da wuri ka ɗauke ni, ka hwaɗa ma Hajara ta goge min hwarar rigata."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Zaman jibi ne. Ɗazu, ina tsakiyar wannan rubutu, saƙo ya shigo wayata daga ɗaya daga cikin yaran kwamitin, labari bai kai gare shi ba. Ya rubuta, "Baba, don Allah ku taho da Malam da wuri, shi ne zai fara magana."

Na karanta, na sake karantawa. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Ni ba mai magana ba ne, duk wanda ya san ni ya sani. Rayuwata kaf bin layin wani na yi da tawada. Amma waɗanda suka soka aguwar nan duk sun tafi, ni kaɗai na rage, kuma in kujerar Malam ta zauna babu kowa, na san abin da za a zana. Gobe zan shiga mota in yi wa iyalinsa gaisuwa, jibi in je in zauna a inda aka tanadar masa.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da iyayensa da matarsa a Aljanna. Allah ya ba Hajara da 'yan uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba. In kun gama tasa, ku sa ni a ciki, Allah ya buɗe mini baki jibi.