Shanun Baba da Kwamfutar Nafi'u

Washegarin ruwan farko, ranar wata Asabar, tun kafin a haƙa kanal ta ban ruwa a ƙasarmu ta Bunkure, Baba ya ɗora mini igiyar shanun huɗa a hannu. Shekaruna ba su fi tara ba. Ba shi da ɗa namiji a lokacin, ni ce babba, don haka ni zan ja gaba shi yana riƙe da garma a baya. Murna ta hana ni karyawa. Na baro kokona a gindin murhu, Inna tana kira ina gudu, ƙasa mai laima tana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Shanun biyu ne, Goje da Ɗan Fari, tsayinsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Idan suka ja, ƙasa takan tsage ta kwanta gefe, balbelu suna bin mu suna tsintar tsutsa, ni kuwa ina ihu kamar ni na haifi shanun. Ƙawayena suna can suna 'yar carafke a ƙofar gida, ban ko tuna da su ba.

Da rana ta take, Baba yakan kwance karkiya a gindin ɗorawa, ya ɗaure Goje can, Ɗan Fari can. Ni kuma in ɗebo ruwa a rijiya, in jiƙa buhu in shimfiɗa musu a baya. Wata rana na ɗaure su a turke ɗaya don su yi hira. Baba ya zo ya tarar suna haki, ya raba su, ya ce, "Abokan aiki ne, amma kowa da zafin jikinsa. Ki bar iska ta ratsa tsakaninsu."

Yanzu na tsufa, faɗa nake ana rubuta mini. Malam, maigidana, ya rasu damina biyu da suka wuce, kuma har yau ba na iya ambatonsa idona a bushe. 'Ya'ya duk suna gidajensu. Jikana Nafi'u ne ya dawo daga Kano ya tare a ɗakin marigayin, ya sa sola a kan rufi, ya haɗa wata babbar kwamfuta da hannunsa. Samari sukan zo daga Kura da Kadawa su yi wasa a kanta. Ya buɗe mini cikinta, ya nuna mini wasu faifai guda biyu masu fanka, ya ce su ne ke zana hoton da ke fitowa a allo, aiki ɗaya suke rabawa don hoton ya fito tar. Na ce, "Ashe shanun huɗa ka saya, angona." Ya ce, "Tsohuwa, ke komai sai kin kai shi gona."

Da bazara ta kama, abin ya lalace. Ana cikin wasa sai fankokin su hau kuka, hoto ya dinga tsayawa, can allon ya yi baƙi. Kwana uku yana fama. Ran na huɗu ya zauna kusa da ni, ya ce zafin garin nan ya fi ƙarfinta, zai kai ta birni, shagon abokinsa mai na'urar sanyi. Na san inda ta tafi can zai bi. Na kuma san irin shirun gidan nan.

Na ce ya sake buɗe mini. Na kai bayan hannuna kusa, na ji faifan da ke sama ya fi zafi nesa ba kusa ba. Suna manne da juna, ko yatsa ba ya shiga. Na ce, "Kai, wa ya ce ka ɗaure su a turke ɗaya? Na saman numfashin ɗan'uwansa yake shaƙa!" Ya yi dariya, sai kuma ya daina. Ya leƙa, ya ce akwai wani gurbi a ƙasa. Ya zare na biyun ya mayar can. Ni kuma na jiƙa buhu na rataye a taga, iskar da ke tasowa daga gonakin shinkafa ta shigo da sanyinta.

Ya kunna. Muka jira, ina ta salati a zuci. Azahar ta wuce, la'asar ta zo, hoto bai tsaya ba! Ya zaunar da ni gaban allon. Wata ƙasa ce mai ciyawa, kowane ganye daban, da doki yana gudu, ƙura na tashi a kofatonsa. Na kauce don kada ya take ni, samarin suka fashe da dariya, ni ma na rangaɗa guɗa. Nafi'u ya ce, "Shi ke nan, amarya, kin hana ni tafiya."

A da, gidanmu kukan shanu ne ke cika shi, da muryar Baba, daga baya a gidan aure muryar Malam. Duk sun tafi, injin ban ruwa ne ke kuka a gonakin yanzu. Na so a ce Malam ya ga dokin nan, da ya tambayi kuɗin abincinsa. Amma da safe ina jin motsin butar Nafi'u a tsakar gida. Gidan da sauran rai.