Bangon da ya ƙi sha

Matso nan bakin tabarma, ɗan'uwa, in ba ka labarin bangon ɗakina.

Ni dai ba mai yawo ba ce, iyakata tsakar gida, sai biki ko gaisuwa. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba. Amma tun ina yarinya a tsohon Maradun Inna ta koya mini adon bango. Mutum ko dabba ba ma zanawa. Launi kawai ake bi: a ja jar ƙasa ta lanƙwasa, a tare ta da farar ƙasa, baƙin gindin tukunya ya ratsa tsakani, a ɗiga bular wanki ta kasuwar Mafara inda ido ke son hutawa. Uwarsu duka kuwa wata ƙasa ce mai ruwan ɗorawa, wadda ba a samu sai a gaɓar gulbi, can ƙasan gonakinmu.

Inna kan ce in riƙa kasa kunne. In an ɗora jiƙaƙƙen tsumma a bango, sai ka ji wani siririn tsss, wato bango na sha. In bai sha ba, kada a ƙara masa.

Da aka ce ruwan madatsar Bakolori zai ci garinmu, kowa na ɗaure tukwane da buhuna, ni na ɗauki fartanya na gangara gulbi. Ƙwarya guda na iya cikowa, na ƙulle a tsohon zane. Ba a daɗe ba ruwa ya rufe wurin. Ƙasar nan da ta saura a hannun mutum, tawa ce kaɗai.

A sabon gari maigidana ya samu aikin lebura a madatsar. Don ya faranta mini, ya shafe ɗakina da siminti sumul, har yana kiran maƙwabta su zo su taɓa. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar wata Laraba da hantsi na kwaɓa rabin ƙwaryar. Na ɗora tsumma, ban ji komai ba. Kunnena ya gaya mini, ɗoki ya hana ni tsayawa. Launi ya yi ta zuba kamar hawaye, na yi ta ƙarawa. Da ya bushe na shafa da hannu, sai gari ya biyo tafina. Rabin ƙasata ke nan na share da tsintsiya.

Yayar maigidana ta leƙo, ta riƙe baki. "Amarya," haka take kirana har bayan haihuwa huɗu, "kaji munka samu sun yi wanka ga bango?"

"Ki bari dai, Yaya. Ba a gama ba."

"Wanga ɗaki ya zama na 'yan birni. Samo hoton kalanda ki liƙa, ki huta."

Kwana biyu ina kallon sauran rabin. Rana ta uku na ɗauko ƙaramin gatari na shiga sassarar simintin, ƙwas, ƙwas, tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai. A haka Malam maigidana ya dawo ya same ni, na yi fari fat da ƙura.

"Ke! Lahiyarki kuwa? Simintin nawa?"

"Malam, bangon ba ya sha."

"Bango rago na, da za shi sha?"

Na kwance ƙullin na nuna masa abin da ya rage. Na ce wannan daga ƙasan gonar babansa na haƙo ta, kuma in ta ƙare shi ke nan. Ya daɗe yana kallo. Bai ce na kyauta ba, bai kuma ci tuwona da fara'a ba ran nan. Amma da gari ya waye na ji kukan jaki a ƙofar gida, ga mangala cike da ƙasar gini.

Na kwaɓa ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, na yaɓe bangon da hannuna, na bar shi mako guda. Wannan karon da ruwa zalla na fara gwadawa. Na manna kunne. Tsss.

Ja na fara sa wa, ya taso daga kusurwa ya karkace. Fari ya bi shi, wani wuri ya matse shi, wani wuri ya ba shi hanya. Na ratsa baƙi siriri, na goge, na sake. Rawayan ƙasar gulbin na ajiye ƙarshe, da yatsa nake ɗiba don kada tsumma ya sha rabonsa. Na so ya kai ƙarshen bango, ya ƙare mini a tsakiya. Na kalaci ƙwaryar tas, na bar layin a inda ya tsaya, ban cike da wani launi ba.

Yaya ta zo ta zauna a bakin gado, tana bin bangon da kallo. Can ta ce, "Wai mi ne wanga, Amarya? Gulbi ko hanya?"

Na ce ni ma ban sa masa suna ba. Ta tashi ta ɗora yatsa daidai inda rawayan ya yanke, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ga shi nan bayanka, ya ɗan kwanta da shekaru amma bai zube ba. Juya ka duba. Kai me ka gani?