Mai Bututu a Tashar Mirriya

Tana tsaye a tashar motocin Mirriya bayan la'asar, doguwar dattijuwa mai tabarau mai kauri, rungume da wani farin bututu da ta naɗe da zane. Kamasho yana miƙa hannu zai ɗora shi a saman mota, ita kuwa tana ja da baya.

"Inna, bututun famfo ne fa!"

"Da can ke nan. Yanzu madubin duba taurari ne, kuma da hannuna na haɗa shi."

Yadda take ɗaga yatsa in za ta yi magana ya sa nake zaton ta daɗe tana koyarwa a lekwal, wato makarantar boko. Tana gaya wa fasinjoji akwai wani gungun taurari mai nisan gaske, wanda ake gani dishi-dishi kamar ɗigon nono a baƙin zane. Sai bayan girbi yake hawa tsakiyar sama da isha'i, kuma sai daren da babu farin wata. Fitilun Damagaram, inda take zaune, suna ɓoye shi, shi ya sa za ta gonar ƙanenta.

"To, Inna, saurin me kike?" in ji wata mai tallan gyaɗa.

"Yanar ido ta fara kama ni, 'yata. Bara da ƙyar na gan shi. Ina so in nuna wa mutanen garinmu tun ina iya nemo shi."

Kamasho ya sauke hannunsa. Can ya buɗe ƙofar gaba, ya ce wa wani mai babbar riga, "Alhaji, yi haƙuri ka koma baya. Nan wurin Madam ne."