Bafaranshen da Ya Hana a Amsa wa Kaka

A Damagaram, da an ci tuwon magariba sai mu kewaye murhun Kaka tun garwashi bai mutu ba. Duk tatsuniyoyinta muna so, amma wanda muka fi roƙo shi ne labarin Mai Sanda, wanda ba Gizo a cikinsa.

Mai Sanda wani Bafaranshe ne ɗan wasan kwaikwayo. Kaka ta ce a ƙasarsu shekara bakwai ya yi yana fitowa a matsayin bara, aikinsa kawai ya buɗe ƙofa ya ce abinci ya sauka. A hankali ya kai ga fitowa a sarki, har ya zama shi ke tsara wasa, yana nuna wa manya inda za su tsaya. Da ya zo garinmu neman sabon abu, aka ba shi labarin wata mai tuyar ƙosai da ta iya tatsuniya. Kaka ce, lokacin tana da ƙuruciyarta.

Ya ɗora ta a kan dandali. Su a al'adarsu, kafin wasa ana buga sanda sau uku a ƙasa, kowa ya yi tsit. Ya sa tafinta ya ja wa jama'a kunne kada wanda ya yi magana, sannan ya buga abarsa.

Nan Kaka take tsuke baki. "Na ce ga ta nan, ga ta nanku. Shiru! Na sake. Zaure cike, har da ƙanin babana, sun zuba mini ido kamar awaki. Shi kuma yana bayan labule yana ta yi mini hannu wai in ci gaba. In ci gaba da wa? Na ja mayafina na sauka."

Washegari da yamma ya biyo ta wajen tuya, ya tsuguna, ya ce "ta zo mu ji ta" a karkace, yadda tafinta ya koya masa. Sai ta ba shi tatsuniyar. Ta ce ta ji wai da ya koma gida ya jefar da sandar. Ko gaskiya ne, oho.

Muna yara dariya kawai muke yi. Yanzu da nake Silver Spring, can ƙasar waje, a bene hawa na tara, abin ya daina ba ni dariya. 'Yata Nana tana jin Hausa sarai, amma ta ƙi yi. Na koya mata amsar nan ya fi a ƙirga. Na yi lallashi, na yi faɗa, har wayarta na ɓoye. Wallahi haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba, tunda ni na kawo ta inda ba mai amsawa.

Jiya na dawo daga aikin jinya, na zaunar da ita, na ce ga ta nan, ga ta nanku.

"Okay, Mama, go ahead," in ji ta da Turanci, wai in ci gaba.

Na jira. Ta jira. Kaka ta sauka ne domin ta san za a biyo ta. Ni in na sauka, ba mai biyo ni, tatsuniyar ta ƙare a kaina ke nan. Sai na haɗiye fushina, na amsa wa kaina, na fara.