Kujerar Hagu a Keken Mastura

Duk mai bin lungunan unguwar Ammariyya da hantsi ya san Mastura, ko da bai san sunanta ba. Doguwar tsohuwa ce baƙa, abayarta ta koɗe a kafaɗu, tana tura keken yara mai kujera biyu, irin wanda mutanen Jidda ke kira arabiyya. Babu yaro a ciki. A kujerar dama takan sa cefanenta. A ta hagu akwai wani ƙunshi cikin tsohon zanen atamfa, an ɗaure shi da bel kamar yadda ake ɗaure yaro. Ba ta shiga bas. Ko ina za ta da ƙafa take zuwa, domin kowane direba sai ya ce ta naɗe keken.

A Jidda aka haife ta. Kakarta Sadiyya ce ta taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ta bi ta Sudan a ƙasa shekara bakwai, ta sauke farali, ba ta koma ba. Abin da ta iso da shi daga gida bai wuce ɗan dutsen niƙa ba, wanda ta riƙa niƙa hatsi da shi a hanya. Shi Mastura ta gada. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu, ba su haihu ba. Tun tana 'yar shekara goma sha shida take rainon 'ya'yan Larabawa. Suna kiranta Dada, ta yi musu wanka, ta goya su da zane iyayensu na dariya, su girma su manta da ita. Ba ta taɓa ɗaukar wannan abin kuka ba. Aiki ne.

Gidan da ta yi wa aiki na ƙarshe yana unguwar Abhur, gidan wata matashiya mai suna Hind, wadda ta haifi tagwaye mata, Lama da Layan. Aka sayo keken mai kujera biyu. Lama a hagu, Layan a dama, haka Mastura ke zaunar da su kullum don kada ta rikita wa ta ba magani. Suna da shekara ɗaya da wata biyu zazzaɓi ya kama Lama. Kwana uku ta yi.

Bayan an gama zaman makoki Layan ta daina cin abinci. Hind ta sayo keke mai kujera ɗaya, yarinyar ta yi ta tsala ihu a cikinsa har ta yi amai. Aka mayar da ita tsohon. A nan ba ta kuka, sai dai ta juya kai hagu ta ƙura wa kujerar ido, ta miƙa hannu, tana ramewa.

Sai Mastura ta tuna maganar kakarta. A ƙauyensu, in ɗaya cikin tagwaye ya rasu, ba a barin wurinsa fili a gaban ɗan'uwansa, ko a tabarma ko a shimfiɗa. Wanda ya tafi yakan dawo wurinsa ya zauna ya kira na rayen. Dutse ake sawa a toshe wurin. Mastura mai salla ce, ta san abin da liman zai ce in ya ji. Ranar hutunta ta je Ammariyya ta ɗauko dutsen, ta naɗe shi a zane, ta ɗaure a kujerar hagu. A ranar Layan ta sha madara kofi guda.

Hind ta ɗaga gefen zanen ta leƙa, ta sake shi.

"Ban gani ba, ya Dada," ta ce. "Kada babansu ya gani."

Wata huɗu yarinya na ƙiba. Rana ta uku da ƙaramar salla, Hind ta ce za su malahi, wani babban filin wasan yara da ke arewacin gari, 'yan'uwanta na jiranta a can. Filin ajiye motoci yana nesa da ƙofar shiga, bas-bas ne ke kwasar mutane su kai su. La'asar ta yi amma kwalta na nan da zafi, layi ya yi tsawo.

Direban bas ɗin ya sauko, mutum mai furfura a gemu, sunansa Rilwanu a rubuce a ƙirjin rigarsa. Ya yi mata magana da Larabci mai gargada, ta amsa masa da Hausa.

"Ashe ta gida ce. Hajiya, a naɗe keke."

"Ba ya naɗuwa."

"Duk suna naɗuwa. Tun azahar nake naɗe su, har na 'yan uku na naɗe."

"Kai ɗan ina ne?"

"Gusau."

"Shi ya sa kanka ke da tauri."

Ya yi dariya. "Ko ɗan Makka ne ni, Hajiya, ƙofar nan ba za ta ci shi a buɗe ba."

"Yalla ya Dada, mutane na jira," in ji Hind.

Keken ba ya naɗuwa da kaya a ciki. Mastura ta miƙa wa Hind yarinyar, ta kwance bel ɗin hagu, ta ajiye dutsen a bakin dakali, ta taka ƙarfen ƙasa keken ya haɗe. Ɗaga shi sai da hannu biyu. Na baya suka turo ta, ta hau, ƙofa ta rufe. Sai da bas ya sha kwana ta ga hannunta babu komai sai ƙarfe.

"Halas, shi ke nan, dutse ne," Hind ta ce. "Wa zai saci dutse? Mu ɗauka in mun dawo."

A bakin ƙofar malahi Mastura ta buɗe keken. Bel ɗin hagu a ɗaure yake. Ta tsaya tana kallonsa, don ta san da hannunta ta kwance shi. Ta zaunar da Layan a dama ta tura. Keken ya ja hagu, da nauyi, fiye da yadda yake ja in dutsen na ciki.

Matar da ke ɗaura wa yara takarda a wuyan hannu ta yago guda biyu. Ta ɗaura wa Layan, ta sunkuya hagu da ɗayar, sai ta tsaya. Ta dubi kujerar, ta dubi Mastura, ta cusa takardar a aljihu.

Hind ta hango 'yan'uwanta a layin babban lilo ta yi gaba. Mastura ta ɗora jakar ruwa a kujerar hagu. Taku uku jakar ta faɗo ƙasa. Ta mayar, ta danna ta sosai. Ta sake faɗowa. Layan, wadda ta yi wata huɗu ba ta waiwayi hagu ba, ta juya ta ƙyalƙyale da dariya. Ta karya biskitin hannunta gida biyu, ta miƙa rabi.

Mastura ta taɓa wuyan yarinyar. Zafi rau, irin zafin da ta taɓa ji a wuyan ɗayar.

Ta kira wayar Hind sau biyu, kiɗa ya hana a ji. Ba ta kira na uku ba. Ta kwance zanen da ke ƙarƙashin abayarta, ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure tamau, ta juya keken.

Bas ɗin Rilwanu ne ya sake zuwa. Ya sauke mutane, babu mai komawa sai ita.

"Har an gama wasan? To, a naɗe."

Ta taka ƙarfen. Bai motsa ba. Ya ce ta matsa, ya taka da takalminsa, ya girgiza, ya ɗaga ya buga da ƙasa. Sannan ya dafa kujerar hagu don ya sami ƙarfin dannawa, sai ya janye hannunsa ya goge a wando.

"Rana ce ta dake ta," ya ce.

Rumfar keken a sauke take a kan kujerun biyu. Ya taɓa ta dama, ita babu zafi.

"Tagwaye ne," Mastura ta ce. "Ɗayar ta rasu. Dutsen da na toshe wurin da shi, shi ka sa na ajiye."

Ya dube ta. "Inna, ni Gambo ne a gidanmu. Waɗanda nake bi, kwana tara ne tsakanin rasuwarsu."

Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ta masu keken guragu, ya sauke gadar ƙarfe, ya ja da baya ya bar ta ta tura da kanta. Da ya zauna ya sa hannu ya karkatar da madubin da ke kallon cikin mota zuwa sama. Ya ja mota. A bayanta Mastura na jin yarinyar ta saki jiki, kai ya langaɓe, amma hannu ɗaya a miƙe yake wajen keken, yatsu na buɗewa suna rufewa.

Dutsen na nan a bakin dakali, wani ya ajiye kofin takarda a kansa. Ta ɗauko shi ta durƙusa gaban keken ta danna maɓallin bel. Ya ƙi. Ta danna da babban yatsa biyu har farcenta ya karye. Sai ta bari. Ta yi magana da Hausa, yadda ta saba yi musu in tana shafa musu mai.

"Lama. Kin ga gari, kin sha iska. Halas. 'Yar'uwarki ba za ta bi ki ba. Tashi."

Ta danna, ya buɗe. Ta ajiye dutsen ta ɗaure.

Layan ta ƙwalla ƙara kamar an mare ta, tana dukan bayan Mastura da hannu da ƙafa. Gumi ya jiƙa zanen.

"Wannan kuka lafiya?" in ji Rilwanu daga nesa kaɗan.

"Kukan mai rai ne. Bar ta."

Kafin su koma Hind ta tara masu gadi, ta yi minti arba'in tana neman 'yarta cikin dubban mutane. A makon ta sallami Mastura. Mastura ba ta yi gardama ba, ta ce ita ma da 'yarta ce haka za ta yi. Hind ta ce ta kwashe keken da dutsen, kada ta sake ganinsu. Abin da Mastura ke so ke nan. Wurin zaman ya bar gidan, yana hannun wadda ta san yadda ake tsare shi.

Layan na makaranta yanzu, tana sa tabarau. Mai dafa abincin gidan ce ke kawo labarinta. Ita kuwa Mastura gwiwa ta hana ta raino, tana zaune a ɗakin da kakarta ta mutu. Ba ta barin kujerar dama fili ita ma. In babu cefane, jakarta take sawa.

Sau uku mai gyaran kekuna na bakin titi ya canza mata tayar hagu, ta dama kuwa tun ta kanti ce. Ya ce dutsen nan ne ke cinye taya, ta rage kaya. Rannan ya ɗan ɗaga ƙunshin da hannu ɗaya ya auna, ya ji ba wani nauyi, ya dubi tayar, ya mayar a hankali. Tun daga nan bai sake ba ta shawara ba.