Abin da Mama Ta Gani a Majigi

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, ina haya a ɗaki ɗaya a Trikania. Ni da mahaifiyata ne a ɗakin. Tun farkon damina na je ƙauyenmu na ɗauko ta saboda tarin da ya ƙi jin maganin gida. Masaƙar tana da asibitinta, ana duba iyayen ma'aikata, sai na ga babu dalilin barin uwata a inda ganin likita sai an sha tafiya.

Tarin ya yi sauƙi, da sauƙin kuma ta fara cewa a mayar da ita gida. Ta bar acca a gona, ta bar cittarta a hannun yayata, ga kuma ƙawayenta na zumuntar mata ta coci. Ba rigima take yi ba. Da safe ina ɗaura takalmi sai ta ce, "Ɗana, yau akwai mota?" Ni kuma in ce, "Mama, bari a gama zaɓe, hanya ba ta da tabbas." Zaɓen shekarar kuwa ana gama wannan sai a shiga wancan, don haka ban taɓa rasa abin faɗa ba.

Wata rana na dawo aiki ban same ta ba. Maƙwabciyarmu, wata mutuniyar Binuwai mai sayar da abinci, ita ta gano ta a bakin babban titi da ƙunshin kayanta a ka, tana ɗaga wa tirela hannu. Washegari na sayo kwaɗo. Idan zan fita sai in ajiye mata abinci da ruwa da bokiti, in ja ƙofa in kulle ta waje. Maƙwabciyar ta ce, "Ɗan'uwa, bar mini makullin mana, in riƙa leƙa ta." Na ce ba na son ɗora mata nauyi. Na fi son makullin a aljihuna, shi ne gaskiyar.

A lokacin, kowace Lahadi bayan an tashi daga sujada a coci an ci abinci, ana nuna majigi a zauren ma'aikata. Akan rufe tagogi da baƙin yadin da ya lalace wajen rini, a jera benci, kowa ya zo da iyalinsa. Yawanci fim ɗin Indiya ne ko na 'yan China masu faɗa. Wata Lahadi na ce bari in fita da Mama ta sha iska ta ga rawa. Ta ɗaura zanenta na coci, maƙwabciyar ta riƙe mata hannu, muka tafi.

Da aka kunna, sai ga wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, babu rawa babu kala. Ashe kuskure aka yi wajen kawo faifan. Zauren ya ɗauki ihu. Wani ɗan Filato da muke inji ɗaya da shi, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya miƙe ya ce, "Oga mai majigi, wannan fim ɗin ai ya girmi kakana! Ko soja ne suka tafi da kalar?" Aka yi dariya. Mai majigi ya ce wanda ba ya so ga ƙofa nan. Ruwa ake yi a waje, babu wanda ya tashi.

Labarin wani tsoho ne a ɗakin saman bene, da wata mace da ke kula da shi. Wani akawu mai jin Turanci yana fassara wa na kusa da shi, amma shi ma ya kasa gaya mana ko 'yarsa ce ko mai aiki. Kullum da safe tsohon yakan sa kwat da hula, ya shirya akwatinsa, ya zauna a bakin gado yana kallon ƙofa. Sai macen ta shigo da murmushi, ta cire masa hular, ta mayar da kayan cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi magani a cokali. Tana fita sai ta murɗa makulli ta jefa a aljihun rigarta. Ba a buga kowa ba, ba a ga jini ba. Amma ban san lokacin da surutu ya mutu a zauren ba. Har ƙarar injin majigin ake ji, da ruwa a kan kwano.

Cokalin ne ya kama mutane. Duk lokacin da ta tsiyaya maganin, sai a nuno hannunta kusa, a daɗe a kai. Wata mata a baya ta ce, "Kada ka sha, Baba!" Ɗan Filato ya ce, "Guba ce, na rantse. Dubi idonta kamar na mage. Gidan take so ta gada." Wani ya ce masa ya rufe mana baki, ya ce ba zai rufe ba sai an kira 'yan sanda. Da tsohon ya buɗe baki ya karɓi cokalin, mutane suka yi wani irin nishi tare, na ga wata ta rufe fuska da gyale tana kiran sunan Yesu.

Cikin shirun da ya biyo baya Mama ta yi magana. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta san ƙarfin muryarta ba. Kuma da Hausa ta faɗa, alhali ni da ita yarenmu muke yi.

"Ba guba ba ce," in ji ta. "Sonsa take yi. Shi ya sa ba za ta bar shi ya tafi ba."

Zauren ya fashe da dariya. Ɗan Filato ya juyo ya ce, "Mama, ashe kina jin Turanci kika ɓoye mana? Akawu, tashi ka ba Mama kujerarka!" Mama ba ta yi dariya ba, idonta na kan allon. Maƙwabciyar ce kaɗai ta kalle ni, ta kuma kawar da kai da sauri. Ni ma na yi 'yar dariya don kada a lura da ni.

A ƙarshen fim ɗin, macen ta fita ba ta murɗa makullin ba. Ƙofar ta buɗe da kanta kaɗan. Tsohon ya ɗauki akwati ya zo bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon matakala. Mutane suka miƙe tsaye. "Sauka, Baba! Gudu!" Wani har yana buga benci. Tsohon yana nan tsaye, sai rubutu ya fito, aka kunna fitila.

Ban taɓa ganin an fusata da fim kamar ranar ba. Wasu suka ce an yanke ƙarshen, suka kewaye mai majigi sai da ya nuna musu faifan ya ƙare. A bakin zaure aka rabu biyu. Maza da yawa sun tsaya a kan cewa muguwa ce kuma da gangan ta bar ƙofar don ya faɗo. Wasu mata suka ce duk wanda bai taɓa jinyar tsoho ba ya yi shiru. Akawun ya ce Turawa haka suke, sukan bar ka da tambaya ka je gida da ita. Ɗan Filato ya ce shi bai zo ɗaukar tambaya ba, yana da isassu a gida.

A hanya ina jira Mama ta ce wani abu, na ma shirya amsa. Da muka zo wurin mai gasa masara, sai kawai ta ce in saya mata mai laushi.

Da safe ina ɗaura takalmi ina jiran tambayar mota. Sai ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko kwaɗon ta ba ni. Ta ce, "Kada ka manta. Ka yi sauri kada ka makara." Daga ranar ba ta sake tambayar mota ba. Ta kwance ƙunshin kayanta ta jera a cikin kwalla. Ni kuwa na ji daɗi, na gaya wa maƙwabciyar cewa Mama ta saba da birni. Ta ce, "Haka ka gani?" Ta ci gaba da wanke tukunyarta.

Aka gama zaɓe, aka rantsar da sabon shugaba, muka saurara a rediyo ni da ita. Hanya ta zauna lafiya, ban kuma tuna mata ba. Sai maganarta ta fara raguwa. Takan kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu tun ban zo duniya ba. Wata rana na tarar abincin yana nan yadda na bar shi, ta ce tana jiran masu gida su dawo kafin ta ci. Likita ya ce tsufa ne, babu allurar da zai yi mata. Yayata ta aiko saƙo ta bakin direban motar garinmu, saƙon da ba zan maimaita ba, amma ta yi daidai.

Da hutun Kirsimeti na kai ta gida. An riga an yanke accar, an sussuke. Da muka sauka daga mota na ce, "Mama, ga shi mun iso." Ta dubi duwatsun bayan gari, ta dubi ƙofar gidan da ta haife mu duka a ciki, ta gyara ɗankwalinta kamar mai shirin shiga gidan surukai.

Matan zumunta suka fito da waƙa da guɗa. Babbar ƙawarta, wadda suka yi 'yanmatanci tare, ta rungume ta tana kiranta da sunan da suke tsokanar juna da shi. Mama ta bari ta gama, sannan ta ɗan rusuna ta ce mata da Hausa, "Sannunku da aiki. Mun same ku lafiya?" Waƙar ta tsaya. Yayata ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gidan, Mama ta zauna a can gefe, ta haɗa ƙafafu, ta yi godiya da aka kawo mata ruwa. Ƙawar ta zauna a ƙasa kusa da ita tana kuka ba sauti. Mama ta dafa kafaɗarta ta ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri. Wa ya rasu?"