Sawun Goshi a Kan Toka

A ƙauyenmu, can gefen Gafasa, da an gama yankan dawa sanyi ya fara shiga ƙashi, babu inda yaro yake son zama bayan tuwon dare kamar ɗakin Iya. Iya kakarmu ce, ita ta haifi Baba. Ɗakinta na ƙasa ne, zagayayye, ƙofarsa gajeriya, kowa sai ya sunkuya kafin ya shiga. A tsakiya take hura wuta da guntayen kara, ta binne gyaɗa ko dankali a cikin toka, mu kuma mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya samu abin taunawa, wai don kada a riƙa katse mata zance.

A shekarar da nake ba ku labari, Kawu Sale, ƙanen Innarmu da ke kai gyaɗa kasuwar Gaya a keke, ya zo mana da ɓerayen Masar guda biyu a kwando. Ba mu taɓa ganin irinsu ba. Ga su dai ɓeraye, amma babu wutsiya, ga jiki suɓul-suɓul, ga wani kuka kwi-kwi da sun ji motsin ciyawa. Namijin muka sa masa Sarkin Ci, macen kuma Goshi, saboda farin da ke tsakiyar goshinta. Yayana Ɗanlami, wanda nake bi, nan take ya ce nasa ne, ni kuwa aka bar ni da yankan ciyawa. Haka rabo yake tsakanina da shi kullum, kuma har gobe ina yi masa gorin wannan.

Amma a faɗi gaskiya, Allah ya ba Ɗanlami hannu. Duk kejin kanari mai kyau da ke unguwarmu shi ya ƙera shi da sillen kara da tsinke. Da ya tashi yi wa ɓerayensa gida sai ya zuba duk basirarsa. Ya yi keji dogo kamar benen birni, da ɗan tsani a ciki, da tagogi ta kowane gefe, har da ƙofa mai sakata. Ya rataye shi a jikin rumfa yadda ake rataye na tsuntsu, don kada kyanwa ta kai gare su. Yara har daga wata unguwa suke zuwa kallo, shi kuma yana tsaye a gefe yana hura hanci.

Ba a daɗe ba Goshi ta daina cin abinci. Ta takure a kusurwa, gashinta ya tashi, in iska ta kaɗa kejin sai ta runtse ido. Na kawo mata ganyen dankali, na kawo harawa mai laushi, ko sansanawa ba ta yi ba. Sarkin Ci kuwa ya koma gwiguyar karan kejin. Da Baba ya dawo daga masussuka ya leƙa, sai ya kira Ɗanlami.

"Ba na son haƙƙin dabba a gidana," in ji shi. "In kasuwar Gaya ta zagayo wannan abu bai warware ba, Sale zai mayar da su inda ya samo su."

Baba ba ya maimaita magana. Mun san ko Goshi ta mutu a hannunmu, ko a ɗauke su duka biyun.

Ranar a ɗakin Iya, Ɗanlami ya zauna can baya, bai ko miƙa hannu ga gyaɗa ba. Iya ta dube shi ta wutsiyar ido. Angona take ce masa, irin wasan kaka da jika.

"Angona, yau girkina ne ba ka so? Ko an yi mini amarya ban sani ba?"

Ni na ce, "Goshi ce, Iya." Ta ce, "Uhm," kamar ba ta ji ba. Ta tura kara cikin wuta, ta gyara zama, ta buɗe da yadda ta saba buɗewa.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Mun matsa, ta shigo."

Wai an yi wani manomi da yunwa ta ci masa iri. Damina ta faɗi, kowa na shuka, shi ko ƙwaya ba shi da ita. Yana zaune a bakin gona ya yi tagumi sai ga gafiya. Ta ja shi zuwa raminta, ta buɗe masa gyaɗar da ta tara, ta ce ya ɗiba. Ya shuka, Allah ya sa albarka, rumbunsa ya cika har ya ari na maƙwabci. Sai ya rantse zai gina wa gafiya gidan da ba a taɓa gina wa kowa ba. Ya je wurin shamuwa neman shawara, tunda ita ce ta zaga duniya ta ga gidaje. Shamuwa ta ce ai gida tsawo ne, a hau sama a sha iska. Mutumin nan ya hau ƙololuwar rimi, ya yi ɗaki mai tagogi ta ko'ina, ya saɓo gafiya a kafaɗa ya kai ta.

Kullum da safe sai ya tsaya a gindin rimi ya ɗaga murya, "Baƙuwa, yaya masauki?" A nan Iya take matse murya ta yi ta gafiya, siririya, mai ladabi: "Madalla, maigida. Allah ya saka da alheri." Mukan yi dariya, amma ranar Iya ba ta yi ba. Ta ce, "Kun san ɗiyar mutunci ce. Mutum ya sha wahala ya yi maka ɗaki, da wane baki za ka ce masa bai yi ba?"

Gafiya tana madalla tana ramewa, har ta zama fata da ƙashi. Manomi ya rasa abin da ke masa daɗi. Sai wata tsohuwa mai tallar daddawa ta ji labari, ta ce masa, "Daina tambayar bakinta, kunya ta riƙe shi. Ƙafarta za ka tambaya." Ta sa ya tankaɗe toka ya barbaɗa a fili, ya sauko da gafiya ya ajiye, ya tafi abinsa. Da ya dawo ya tarar da sawu ko'ina. Ko sau ɗaya ba ta nufi sama ba. Ta yi gudu ta yi faɗi, ta bi jikin bango, ta sami lungu mai duhu ta kwanta, ta ware wurin ci nesa da wurin ba-haya. Manomi ya bi sawun nan ya ɗora gini a kai, gafiya ta yi ƙiba har ta haihu.

Ɗanlami ya ɗago kai. "Iya, ai kejina ya fi na kowa kyau."

"Ya fi, angona," in ji ta. "Da ni kanari ce da tuni na tare a ciki." Ta miƙa masa gyaɗa, ya karɓa. Sannan ta ce, "Ta ƙare, ta fita ta inda ta shigo. Na ƙarshe ya ja mini ƙofa."

Abin da har yau nake jinjina wa tsohuwar nan ke nan. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba, ba ta kunyata shi a gabanmu ba, kuma ba ta bar zancen a bakin wuta ba. Washegari da hantsi sai ga ta da rariya da tokar daren jiya. Ta tankaɗe ta a filin da ke tsakanin bayan ɗakinta da rumbu, ta sa muka tare hanyoyin fita da turmi da tsohuwar ƙofa. Ɗanlami ya sauko da keji da hannunsa ya zare sakata. Iya ta kore mu, ta ce idonmu ya yi musu yawa. Ita ta zauna daga nesa tana kaɗin auduga, tana gadin shirwa da kyanwa.

Da ta kira mu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ga ƙananan sawu nan rututu a kan toka, sun yi zagaye, sun bi jikin bango, sun ci fili fiye da tabarmar Baba. Goshi kuwa ta shige ƙarƙashin wani fasasshen tulu da ke jingine da rumbu, ba ka ganin komai sai farin goshinta, tana tauna harawa. Ɗanlami ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ni kuka na yi, ban ma san dalili ba.

A ranar ya kwaɓa ƙasa. Ya bi bakin sawun ya ja 'yar katanga iya gwiwa, Iya na tsaye a kansa. Da ya so ya matso da ita ciki don ƙasar ta ishe shi, ta ce, "A'a, ba kai ka auna ba, su suka auna. Ƙaro ƙasa." Aka bar fasasshen tulun a inda Goshi ta zaɓa, aka ƙara wani don Sarkin Ci. Aka zuba ƙaiƙayi a ƙasa wanda nake sharewa in sake, aka rufe sama da asabari, rabi inuwa rabi rana, da dare a danne shi da duwatsu. Ranar kasuwa Kawu Sale ya zo da kwandonsa. Baba ya leƙa akurkin, ya ga Goshi na tsere da mijinta, ya ce, "Sale, tafi da kwandonka." Kafin ruwan fari ta haifi 'ya'ya, da gashinsu da idonsu a buɗe. Kejin bene kuwa kanari ya samu, kuma ya yi masa daidai.

Shekaru suka tura. Ɗanlami ya zama magini a Kano, ni kuma aure ya kai ni Gaya. Wata damina ta ci gefen ɗakin Iya, ga tsufa ya kama ta. Ɗanlami ya gyara mata ɗaki a gidansa na birni, na siminti, da gadon ƙarfe da lantarki, ya zo da mota ya ɗauke ta. Da na je gaishe ta na tarar da ita a bakin gado, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, ƙullin kayanta na gefe ba a kwance ba. Matar Ɗanlami ta raɗa mini cewa tuwo yadda aka kai haka ake dawo da shi. Ɗanlami ya shigo ya durƙusa.

"Iya, yaya ɗakin?"

"Madalla, angona. Allah ya yi albarka."

Ya dube ni, na dube shi. Ya tashi ya ɗauki ƙullin kayan.

Tare muka mayar da ita gida. Ya tsaya a tsakar gida yana duban ƙasa. Ashe ƙafar Iya ta daɗe da yin hanya, 'yar siririya, ta lotsa: daga ƙofarta zuwa murhu, zuwa randa, zuwa wani gurbi a katanga inda take hira da maƙwabciyarta. Ya tayar da ɗakin a inda yake, da ƙasa, ƙofar na kallon inda ta saba kallo. Rufin kawai ya sake, ya ɗan ɗaga ƙofar don bayanta. Iya tana zaune a inuwar rumbu tana kallonsa.

"Angona, toka ka barbaɗa mini?"

"Ba sai da toka ba, Iya. Sawunki ya ci ƙasa."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan ta kiwon ɓera ce. Sai da na girma na riƙe gida, na sauki baƙi, na yi jinyar tsofaffi, na gane yadda mai ƙaunarka kan gina maka abin da shi yake sha'awa, kai kuma ka yi shiru don kada ka ɓata masa rai. Yanzu duk wanda ya cika yi mini madalla, sai na saci kallon kwanon abincinsa.

Ranar da Iya ta koma ɗakinta ba ta yi godiya ba. Tana shiga ta fara mita, wai an ɗaga ƙofa iska za ta kashe mata wuta, wai wane marar hankali ne ya matsar mata da randa. Ɗanlami ya fito yana dariya yana share ido da hannun riga. Muna tsaye muka ji ta daga ciki tana tambaya ko akwai sauran tuwo.